Inna da 'Ya'yanta Masu Fararen Kaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran mahaifiyata, malamar koyar da aikin jinya, a ƙarshen daminar da ta wuce, aka kai ta makwancinta kafin azahar. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da ita, don kuma in faɗi nawa ɓangaren, tunda duk wanda ya buɗe baki a kanta a kwanakin zaman makoki ɗalibinta ne ko ɗalibarta.

Tun ranar farko gidanmu na Malali ya cika da fararen kaya. Wasu daga wurin aiki suka taho kai tsaye, ko yunifom ba su cire ba, mayafi kawai suka yafa. Suna shigowa sai su zube a tsakar gida su fashe da kuka, "Mama ta tafi, Mamanmu ta tafi!" Matan unguwa, waɗanda a gabansu na girma, sai su miƙe su rungume su suna cewa, "Ku yi haƙuri 'ya'yan nan, addu'a za ku yi mata." Ni kuwa ina gefe a kan tabarma, ni da ta haifa, ina jiran a gama da su a juyo kaina.

Wata 'yar ƙarama, da gani 'yar ajin farko ce, ta zo ta dafa kafaɗata, idanunta sun yi jawur.

"Anti, don Allah ina buta? Ke ma 'yar uwar gidan ce?"

Na nuna mata buta. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, tana kusa da ni tana jan carbi, ta ɗago.

"Ke yarinya, wannan ai ita ce 'yar farin marigayiya."

Yarinyar ta rufe baki da hannu. "Au! Ashe Mama tana da 'ya mace?"

A rumfar maza ma haka abin yake. Ƙannena biyu sun gaya min cewa Kawu, yayan Inna, wanda yake da makarantar allo a Hayin Banki, shi ya zauna karɓar gaisuwa, amma da ƙyar yake samun ya sa baki. Wannan ya ce ita ta koya masa riƙe hannun majinyaci, wancan ya ce ita ta hana shi barin makaranta. Kawu sai gyaɗa kai yake yana cewa, "Allah ya ji ƙanta. Ta iya faɗa, amma Allah ya ji ƙanta."

Ɗalibanta, Mama suke ce mata. Ni Inna nake ce mata, kuma ita ba ta taɓa kiran sunana ba. Mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu duk da bokonta. Idan tana nemana sai ta ce "Ke," ko ta ce wa ƙanena, "Kira min yarinyar nan." Ba ta zama da ni a tabarma ɗaya idan akwai baƙi, ba ta yaba girkina, ba ta taɓa kaina. Na san al'ada ce, Gwaggo ta sha gaya min cewa ita ma uwarsu haka ta yi wa Baba. Da na haƙura, da a ce haka take da kowa. To amma wannan matar da ba ta iya furta sunana, ita ce ta haddace sunan kowace ɗaliba da sunan garinsu, tana kiransu "'yata," tana gyara musu hula, tana shafa bayansu idan sun faɗi jarrabawa.

Abin da ya mayar da ita ga jinyar masu ciwon zuciya kuwa, rasuwar Baba ce. Ɗan kasuwa ne, yana sayar da yadi. Wata rana bayan ya ci abincin rana a shago ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, zuciyarsa tana tashi. Maƙwabtan shago suka ce olsa ce, aka jiƙa masa kanwa, aka ce ya ɗan kishingiɗa. Da suka ga gumi ya jiƙe masa riga sai suka ce ya daure ya taka zuwa bakin titi a samu mota. Bai kai titin ba. A lokacin Inna tana bakin aiki a ɗakin masu haihuwa, tana ƙaramar nas. Tana fita takaba ta nemi a mayar da ita ɗakin masu ciwon zuciya, daga baya ta ƙaro karatu ta zama malama. Ban taɓa jin ta ba da labarin Baba a aji ba, amma duk ranar da wata ɗaliba ta ce "ƙila olsa ce," sai fuskar Inna ta canza.

Ranar Asabar falonmu aji ne. Da hantsi za su fara sallama, su cika kujeru, su cika ƙasa, takalmansu su toshe ƙofa. Ni ce mai dama kunu, ni ce mai soya ƙosai, ni ce kuma majinyaciya. Inna za ta leƙo kicin ta ce, "Ke, zo ki kwanta nan." Sai in goge hannu in zo in kwanta a doguwar kujera, ita kuma ta tsaya a kaina.

"To, ga mai ciwo an kawo muku. Ta ce ƙirjinta. Me za ku fara yi?"

"Mu tambaye ta, Mama."

"Kafin tambaya fa? Allah bai ba ku ido ba?" Sai ta ɗauki hannuna ta dunƙule shi ta ɗora a tsakiyar ƙirjina. "Ku kalli hannun. Wanda ya nuna muku wuri ɗaya da ɗan yatsa, ya ce nan ne ke sukarsa idan ya ja numfashi, sau da yawa ba zuciya ba ce. Wanda ya dunƙule hannu ya danna nan, ya ce kamar an ɗora masa buhun masara, kada ku bar shi a layi. Ku dubi goshinsa, akwai gumi? Ku taɓa fatarsa, ta yi sanyi? Sannan ku tambaya: yana tafiya hannun hagu? Yana hawa wuya da muƙamuƙi? Yana ratsawa baya?"

Tana faɗa tana bin wuraren a jikina da yatsunta, kafaɗa, damtse, wuya, haɓa. Ta kama wuyan hannuna ta nuna musu inda ake jin bugun jini. Ta ɗiɗɗiga min alli a ƙirji ta saman riga, wuraren da ake manna wayoyin isiji, na'urar da ke zana yadda zuciya ke harbawa a takarda. Hannunta yana da sanyi da taushi, yana ƙamshin sabulun asibiti. Nakan rufe ido in yi lamo, in yi fatan wata ta ba da amsar banza don a sake daga farko. Da an gama sai ta ce, "Tashi, ƙosanki zai ƙone," ta juya ga wadda ta amsa daidai ta ce, "Madalla da 'yata."

A haka na haddace karatun da ba a yi don ni ba. Na san bambancin abin da suke kira anjaina da bugun zuciya tun ban gama sakandare ba. Inna takan ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini kamar lungun unguwa take. A anjaina lungun ya ƙuntata ne, idan mutum ya yi sauri ko ya ɗauki kaya ko ransa ya ɓaci sai jinin ya kasa isa, ƙirji ya ɗaure, idan ya zauna ya huta ko ya sa ƙwaya ƙarƙashin harshe sai ya saki. A bugun zuciya kuwa lungun ya toshe gaba ɗaya, hutu ba ya sakinsa, ƙwayar ba ta sakinsa, naman zuciya yana mutuwa kana tsaye kana kallo. "A nan," in ji ta, "ba a cewa bari likita ya gama cin abinci. Ki zaunar da shi ya jingina, kada ya taka ko nan da ƙofa. Ki tambaya ko asfirin na yi masa illa ko yana zubar jini, in babu ki ba shi ya tauna, ba haɗiya ba, taunawa. Ki auna jini kafin ki sa masa ƙwayar harshe, don tana sauke jini. Ki jawo isiji da gudu, ki aika a kira likita, ke kuma kada ki matsa daga gefensa."

Na so in yi karatun jinya. Na gaya wa Gwaggo, Gwaggo ta gaya mata. Amsar da ta dawo ita ce, "Yarinyar nan ba ta son ganin jini, kada ta wahalar da kanta." Gaskiya ne ba na son ganin jini. Amma na ga waɗanda suka suma a ranar farko ta yayyafa musu ruwa ta ce gobe su dawo. Na koyi ɗinki, na buɗe shago a bakin layinmu, Inna kuma ta riƙa turo min ɗalibanta in ɗinka musu fararen kaya. Ni na auna kafaɗunsu, ni na sa musu aljihun da za su saka agogo da biro.

Rigimarta da Kawu duk dangi sun san ta. Almajiransa ne suka kawo mata labari cewa Malam idan zai tafi masallacin Juma'a yakan tsaya a hanya ya dafa bango, ya yi shiru, sannan ya ci gaba. Ba ta yi wata-wata ba ta ɗebi ɗalibai uku da ni mai riƙe jaka, muka faɗa masa yana tsakar biya wa manyan ɗalibansa karatu.

"Yaya, yaushe ƙirjinka ya fara ɗaurewa?"

"Wa ya ce miki ƙirjina na ɗaurewa? Tsufa ne. Ina hutawa yake wucewa."

Ta juya ga 'yan matan. "Kun ji? Yana zuwa da tafiya, yana tafiya da hutu. Mene ne wannan?"

"Anjaina, Mama," suka haɗa baki.

Kawu ya ajiye littafi. "Ke, ni za ki mayar allo a gaban yara? Kwanan da Allah ya rubuta min ƙwaya ba ta ƙara shi."

"Ba ta ƙarawa. Amma da bakinka na ji kana karantar da cewa a nemi magani. Ko wa'azin na mutane ne, ban da mai yin sa?"

Suka yi ta yi har matarsa ta fito ba da haƙuri. Kawu ya yi fushi, ya daina zuwa gidanmu har Sallah ta wuce. Amma ya je asibiti a ɓoye, aka yi masa gwaji, aka ɗora shi a kan magani. Ranar da ya dawo gidanmu ko zama bai yi ba ya fara mita, wai ƙwayar harshen nan tata tana sara masa kai kamar ana buga ƙusa. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki ta ce ai alamar tana aiki ke nan, ya riƙa zama kafin ya sa ta kada jiri ya kayar da shi. Ga shi nan da ransa har yau, da 'yar kwalbarsa a aljihun gaba.

Cikin ɗalibanta duka akwai ɗaya da ta fi tsaya min a rai, wata 'yar Badarawa. Tana shekarar ƙarshe aka tura ta koyon aiki wani ƙaramin asibiti. Aka kawo wata dattijuwa mai ciwon suga tana amai, ta ce gajiya take ji, bakin cikinta yana zafi. Ba ta ambaci ƙirji ba. Yarinyar ta ba ta maganin olsa kamar yadda aka ce ta yi, ta ce ta jira a benci. A kan bencin matar ta faɗi. Inna da kanta ta je har Badarawa ta samo yarinyar ta kulle kanta a ɗaki, ta rantse ta bar jinya har abada. Ta taho da ita gidanmu da 'yar jakarta.

"Ke, gyara mata gadonki. Ki shimfiɗa katifa a ƙasa."

A ƙasa na kwana har ta bar gidan. Ina kallo Inna ta zauna a bakin gadona da kofin kunu tana ba ta a baki da cokali, tana share mata hawaye da gefen zaninta.

"Ki yi kukanki, ya kamata ki yi. Amma laifin da nawa a ciki, ban nanata muku yadda ya kamata ba. Mata da tsofaffi da masu suga, nasu ba ya zuwa da sallama. Wata amai za ta yi, wata numfashi zai gagare ta, wata ta ce miki bayanta ne ko gajiya. Daga yau duk mai suga da ya zo miki da gumi da tashin zuciya, ki fara zargin zuciya. Za ki koma, kuma ba za ki sake barin kowa a benci ba."

Alheri ne babba, na sani, na kuma ga amfaninsa, domin yarinyar ta koma ta gama, yau ita ma malama ce. Amma a lokacin zazzaɓi ya taɓa kwantar da ni a ɗakin nan, abin da na samu shi ne ƙwaya biyu a kan faranti da "Ki sha ruwa da yawa." Tun daga nan 'yar Badarawa ta zama 'yar gida. Tana shiga ɗakin Inna ba sallama, ta san inda makullin sif yake, tana kirana Yaya da fara'a, ni kuma ina amsawa a daƙile.

Sau ɗaya na taɓa ɗaga wa Inna murya. Na haifi ɗana na fari, na dawo gida wankan jego. Ranar suna gida ya cika, an ɗora tukwane, dangin mijina sun iso, sai waya ta yi ƙara. 'Yar Badarawa ce, a lokacin ta fara aiki. An kawo mata wani mai gyaran mota da ciwon ƙirji, likita yana ɗakin tiyata, ta yi isiji ta ga abin da ya tsorata ta. Ina ji Inna tana cewa, "Ya tauna? Jininsa nawa? Numfashinsa fa? Kada ki bari ya tashi, ga ni nan." Ta zari mayafi a kan ankon da na ɗinka mata ta fice. Dangin miji suna ta tambaya ina kakar jariri, Gwaggo tana ta ƙirƙiro uzuri.

Sai bayan la'asar ta dawo, fuskarta wasai. Ta shigo ɗakin da nake tana ce wa Gwaggo, "Ya tsira. Yarinyar nan ta gane shi tun daga ƙofa, an samu an ba shi allurar narka gudan jinin a kan lokaci. Wallahi ta burge ni."

Na ce, "Inna, ni fa?"

Ta dube ni kamar bango ne ya yi magana. "Ke ai lafiyarki ƙalau. Na duba ki da safe."

"Awon jini kika yi min! Yau ɗin ma sai da aka raba min ke da ita? Ni sai na kwanta a matsayin mai ciwo sannan za ki gan ni?"

Gwaggo ta ce, "Ke, uwarki ce fa." Inna ta daɗe a tsaye, sannan ta sunkuya ta ɗauki jaririn ta kai shi saitin fuskarta.

"Kai mijin, ka ji uwarka da baki? Gaya mata wancan mutumin ma yana da 'ya'ya a gida, kamar yadda wani ya taɓa bari."

Washegari da asuba ita ta dafa ruwan wankan da kanta, ta kore matar da aka ɗauko don aikin, ta tsaya a bayan ƙofa tana tambaya ko zafin ya isa. Iyakar ban haƙurinta ke nan, kuma na karɓa.

Ko da ta yi ritaya ajin Asabar bai tsaya ba. Na ga ta rage sauri, ta daina zuwa kasuwa da ƙafa, idan ta share tsakar gida sai ta zauna ta yi shiru. Na tambaya, ta ce gwiwa ce. Na yarda, don ban saba ta yi min ƙarya ba, ban ma saba ta gaya min komai ba.

Ranar da abin ya faru na je da hantsi in gwada mata wata doguwar riga. An yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi. Na same ta zaune a bakin gado, goshinta jiƙe da gumi, leɓɓanta sun yi fari. Ta ce ƙosan da ta ci ne bai zauna mata ba, in ajiye rigar in dawo anjima. Tana maganar tana shafa haɓarta da hannu ɗaya. Ɗaya hannun kuwa a dunƙule yake a tsakiyar ƙirjinta.

Na ce, "Inna, dubi hannunki."

Ta sunkuyar da kai ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa. Sannan a hankali ta ce, "Na sa ƙwayar ɗazu, na sake sawa. Bai saki ba."

"Wace ƙwaya? Tun yaushe kike da ƙwaya?"

"Ɗauko asfirin a jakata. Ki kira min 'yar Badarawa."

Na jera mata filo ta jingina, na ba ta ta tauna, na buɗe taga, na kira. Na ruga gidan maƙwabcinmu mai mota. Da na dawo na tarar tana laluben takalmi wai za ta taka zuwa ƙofar gida, kada a tara mata jama'a. Na tsaya a gabanta na ce wallahi ba za ta taka ba. A kan kujerar roba maƙwabta suka ɗauke ta, tana ta faɗa ƙasa-ƙasa. A mota kanta yana kafaɗata, ina riƙe da ita, ina jin sanyin guminta yana ratsa rigata.

Muna isa asibiti muka tarar ɗalibanta suna jira a ƙofa da gadon turawa. Ban san inda suka fito ba, kamar an buga ƙararrawa. Suka ɗauke ta daga jikina, wannan na manna wayoyi, wannan na neman jijiya, wannan na ɗaura abin awo, "Mama sannu, Mama muna nan." Na bi su har ƙofar ɗakin, wata ta sa hannu ta tare ni da ladabi.

"Hajiya, 'yan uwa a waje suke jira."

A barandar ne 'yar Badarawa ta fito ta gaya min cewa Inna ta daɗe da anjaina. Ita take raka ta ganin likita, ita take karɓo mata magani.

"Ta ce kada a ɗaga miki hankali, Yaya. Ta ce kina da yara, kina da shago."

Na san ta faɗa ne don ta sanyaya min rai. Ban ji sanyi ba. Shagona yana bakin layi, kullum sai na leƙa gidan, amma ciwon uwata sai da ya ratsa ta Badarawa kafin ya iso kunnena.

Ta yi 'yan kwanaki a asibitin. Ni sai lokacin ziyara ake bari in shiga, su kuwa suna shiga suna fita, har waɗanda ba a ɗakin suke aiki ba. Daga kan gadon ma ba ta fasa ba, ta sa aka kawo 'yan aji su kalli takardar isijinta, tana nuna musu inda layin ya ɗaga. Wata yamma na samu ɗakin ba kowa. Na zauna, na zuba mata ruwa. Ta dube ni ta gefen ido.

"Kin yi daidai ranar nan. Kin zaunar da ni, kin ba ni na tauna, ba ki bari na taka ba."

Na jira ko akwai saura. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara, sai aka turo ƙofa, wasu biyu suka shigo da kwanon farfesu. Ta juya ta ce, "A'a, 'ya'yana, ku da wahala."

Da safe zuciyar ta tsaya. Ina baranda da kwandon abinci na ga suna gudu. Ta gilashin ƙofa na hango 'yar Badarawa a kan gadon tana danna ƙirjin Inna da hannu biyu, tana ƙirga da ƙarfi, hawaye na zuba a kan hannunta, idan ta gaji wata ta karɓa. Sun yi duk abin da ta koya musu, ba su rage komai ba. Wannan shaida ce da zan bayar ko a gaban wa.

Da aka kawo ta gida, manyan ɗalibanta suka naɗe hannun riga suka nufi ɗakin da za a yi mata wanka. Sun saba, aikinsu ne, kuma da zuciya ɗaya suka nufa. Gwaggo ta miƙe da sandarta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ku dakata nan. Allah ya saka muku da alheri, kun yi naku. Matar nan tana da 'ya."

Ta ja ni ciki ta rufe ƙofa. Daga ni sai ita sai matar liman mai nuna mana yadda ake yi. Na sa ƙyalle a hannu, na fara zuba ruwa. Ban taɓa ganin furfurarta duka ba sai ranar. Na tsefe kitson da kaina, na wanke gashin, na yi mata alwala gaɓa bayan gaɓa, ba mai kirana, ba mai turo ƙofa.

Da aka zo juya ta sai muka kasa. Gwaggo ta tsufa, matar liman ma haka, ni kuma ina tsoron in ji mata ciwo ko da yake na san ta wuce jin ciwo. Na tsaya. Gwaggo ta dube ni. Na je na buɗe ƙofa kaɗan. 'Yar Badarawa tana durƙushe a wurin, goshinta a jikin bango.

Na ce, "Taso ki kama min."

Ta shigo ta wanke hannu. Ta sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, ta juya ta a hankali ba tare da zanin rufi ya zame ba. Sannan ta matsa wajen ƙafafu, ta bar min sama.

"Yaya, ke ki riƙe kan."

Na ce, "Da ma ni zan riƙe."

Na riƙe har aka gama, har aka naɗe likkafani, har maza suka yi sallama.

Allah ya ji ƙan Inna, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta, ya sa duk ran da aka ceto da iliminta ya zame mata nauyi a mizani. Ku da kuka yi karatu a hannunta, ku ci gaba da yi mata addu'a, kun fi ni yawa, ban kuma hana ku ce mata Mama ba. Amma idan kuna ba sababbin ɗalibai labarinta, ku gaya musu tana da 'ya mace.